Rigar Da Aka Ɗinka Mana A 1960

Tsohon Tela, Garwa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya jikana ya dawo daga makaranta ya tsare ni wai mene ne tsarin mulkin ƙasarmu Kamaru. Ni ɗinki na sani, da shi zan yi magana. Amsa-amon "ya" ne, mai shigowa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da ba shi da kishiya.

Ran 1 ga Janairun 1960
Faransa ta sassauta igiya.

Jinjiri ya faɗo babu riga,
Aka ce a ɗinko kafin safiya.

Yadin daga Faris aka yanko,
Samfurin shugaba De Gol ne har wuya.

Ɗan garinmu ya riƙe almakashi,
Ahijo, mai buga waya jiya.

Ƙasa ya auna ko ko kansa?
Wanda ya sani ya faɗi gaskiya.

Malamin Tarihi, Ngawundere

Wa alaikumus salam Baba. A gafarce ni, zan taka wa 'yan Garwa ƙafa.

Baba, kansa ya auna, ba shakka,
Ja zaren ka bi shi can baya.

Tun Oktoban 1959 majalisa
Ta miƙa wa Ahijo wuƙa da nama gaba ɗaya.

Masu hamayya sun ce a yi zaɓe
Kafin 'yanci, aka toshe hanya.

Kwamitin shawara ya leƙa ɗinkin,
Mai shawara ba shi hana tafiya.

Ran 21 ga Fabrairun 1960 aka ce,
"Ga ta a ɗinke, wa zai saya?"

A ƙuri'a shida cikin goma suka ce sun so,
Arewarmu ce ta fi goya baya.

Ran 5 ga Mayu kuma majalisa ce ta zaɓi Ahijo shugaban ƙasa, ba a kira jama'a ba.

Alhajin Goro, Garwa

Malam, kai a littafi ka tarar. Ni ina yaro nake jin labarin tafiyar Babana in ya dawo daga Kudu, muna zaune muna yayyafa wa huhun goro ruwa.

Ana ɗinkin gida na cin wuta,
Kudu ba mai barci da lafiya.

'Yan tawayen UPC a daji, soja a gari,
Baba ya kwan Nkongsamba yana ɓuya.

Wa zai tsaya awon hannun riga
Ga hayaƙi ya cika farfajiya?

Dogon da ya iso garinku 1974,
Wa ya shimfiɗa? Malam, ka ji kunya.

Kuma wa ka ga ya tuɓe da kansa?
1982 ya miƙa wa Biya.

Malamin Tarihi, Ngawundere

Alhaji, ya tuɓe, ban musa ba,
Sai ta ƙi yi wa mai ɗinkin kariya.

Tun 1989 yana kwance a Dakar,
Garwa na jiran gawa ta waiwaya.

Goggon Yara, Marwa

Ku dakata haka maza, kada shayin ya zube. Nawa ba ilimi ba ne, abin da na ji ne a bakin Inna, Allah Ya jiƙan ta.

Kuna ta jayayya a kan riga,
Ƙyallen da ya faɗi ke min ƙaya.

Inna da yayarta, uwa guda,
Aure ya kai babbar Mubi amarya.

Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'a a Kamarun Ingila,
Mubi ta ce ita sai Najeriya.

Almakashi ya ba mu ya ƙwace,
Muka samu Bamenda, muka samu Buya.

Ran 1 ga Yuni hukuma ta yi makoki,
Na Inna a murhu, tana kaɗa miya.

Ta zaci Bature zai naɗe layinsa
Ya tafi da shi, ashe ya bar kaya.

Ziyarar Yaya sai an nuna takarda,
Ga jandarma tsaye tsakiyar hanya.

Har ta rasu, in ta ji an ce "'yanci" a rediyo sai ta ce, to a buɗe mata hanyar Mubi.

Mai Kwale-kwale, Kusuri

Ku leƙo ƙetare ku ga maƙwabta Chadi,
Ran 11 ga Agustan 1960 suka sami 'yancinsu.

Tombalbay ya bar jam'iyya guda 1962,
1975 soja suka shiga gidansu.

Tsohon Tela, Garwa

Ɗana, mun ce "ya", kai ka ɗebo "su". Ka bar amsa-amon a tsakiyar kogi ne? Mun yafe, maganarka ta shiga. Goggo, Allah Ya gafarta wa Inna. Malam, kai mu gaba.

Malamin Tarihi, Ngawundere

Yulin 1961 aka zauna a Fumban,
Aka haɗa riga biyu ta zama tarayya.

Fonca na Kamarun Ingila mataimaki, Ahijo a sama,
Buya da majalisarta ta sarakuna manya.

Sashe na 47 ya gindaya sharaɗi:
Kar wani gyara ya taɓa tarayya.

1966 jam'iyyu suka narke,
UNC kaɗai, sai dai biyayya.

Ran 20 ga Mayun 1972
Aka farke ɗinkin, aka ce ƙasa ɗaya.

"E" ta haura 99 cikin ɗari a ƙuri'a,
Ko sadakar fura ba ta samun haka a maraya.

Na maimaita "tarayya" sau biyu, na sani, kada Alhaji ya kama ni da ita.

Alhajin Goro, Garwa

Na kama ka, amma baitin fura ya fanshe ka.

Tsohon Tela, Garwa

To ga nawa, wanda ba a littafi. A 1975 aka sake tuta. Ina yaron shago, ko taka keke ba a yarda in yi ba, sai guga da sa maɓalli. Wani ma'aikaci ya shigo da tsohuwar tuta a hammata, ya ce ba kuɗin sabuwa, a gyara wannan kafin Litinin.

Maigida ya miƙo reza ya ce,
"Farke a hankali, kar ka yi ɓarna, yaro, ka jiya."

Taurari biyu a kan koren,
Rawaya, ɗinkin wani mai iya.

Na tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya,
Gumi na zuba, hannu na karkarwa ba dariya.

Ya yanko babba ya ɗora a ja,
Ya ce, "Shi ke nan, mun zama ɗaya."

Na goge koren da dutsen gawayi,
Hujin allura ya ƙi ya ɓuya.

Na jefa biyun a gwangwanin maɓalli,
Suna nan, jikana ya gan su jiya.

Ya ce, "Kaka, na wace ƙasa ce?"
Na ce masa jeka ka ɗebo ruwa a rijiya.

Goggon Yara, Marwa

Baba Tela, ka gudu ke nan. Yaron zai dawo da ruwan fa.

Alhajin Goro, Garwa

Zo da gwangwanin rumfata gobe bayan La'asar, ina so in gan su da idona. Ka taho da yaron. Goron nawa ne, shayi naka.