An ƙi biyan yayana diyyar ciwon asma: ko da sauran hanya?

Ƙanwar Soja, Nima:
Assalamu alaikum. Yayana ya yi aikin soja a Amurka, an kai shi sansanin Balad a Iraƙi a 2007, inda a lokacin ake ƙona shara a manyan ramuka, da roba da taya. Yanzu yana nan Akara tare da mu, kuma idan hunturu ya kama ba ya iya taka matakalar masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Ya nemi diyya daga hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka, aka amsa masa a 2020 cewa babu hujjar da ta haɗa ciwon da aikin, shi kuwa ya cusa wasiƙar a ƙasan akwati. Shin lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce ke nan?

Tsohon Saje, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shekara ɗaya ake bayarwa daga ranar da ke jikin wasiƙar domin neman babban jami'i ya sake dubawa ko a kai gaban alƙalin hukumar, kuma wannan ta wuce. Amma sake gabatar da buƙata da sabuwar hujja ba shi da wa'adi, illa dai da wuya a biya shi tun daga farkon nemansa. Abin da zai taimake shi shi ne dokar PACT ta watan Agusta 2022, wadda ta ce wanda ya yi aiki a Iraƙi daga 2 ga Agusta 1990, aka kuma gano yana da asma bayan ya ajiye kaki, za a ɗauka hayaƙin ne sanadi. Hujjar da aka ce ya rasa a 2020, yanzu doka ta ɗauke masa nauyinta.

Malamar Jinya, Mamobi:
Ƙanwata, ina da tambaya: likita ne ya rubuta cewa asma ce, ko kuwa a kantin magani yake sayen abin shaƙa? Ku kai shi asibitin Korle Bu a yi masa gwajin numfashi, ku karɓi sakamakon a rubuce, domin da irinsa ake ƙiyasta naƙasa daga 0 zuwa 100 bisa ɗari. Ku kuma nemo takardarsa ta sallama, DD214.

Ƙanwar Soja, Nima:
Na gode, Baba Saje da Yaya Malama. Gaskiya a kanti muke saye. Takardar sallamar tana cikin akwatin nan, na gan ta jiya, kuma ranar Litinin in Allah ya yarda za mu je asibiti.