Lokacin Sakin Bunsuru: Abin da Masu Awakin Nono Suka Ce a Zariya

Ran Asabar muka zauna a Samaru, mu masu kiwon awaki don nono, muka tattauna lokacin da ya fi dacewa a saki bunsuru.

Akuya tana ɗaukar ciki kwana 150 ne, wata biyar ke nan, don haka lissafin daga ranar haihuwa ake faro shi, a dawo baya. Yawancinmu sun zaɓi barbara a watan Mayu ko Yuni, haihuwa ta faɗo a kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suke araha. Uwa ta ƙoshi, nono ya sauko. Wani dattijo daga Shika ya ja kunnenmu kan haihuwar Agusta: marka, laima a garke, tsutsar ciki da zawo. Na yarda da shi, domin bara na ga 'ya'ya biyu kwance kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna rawar sanyi, kuma ba su kai mako ba.

Wata baiwar Allah ta ce ita raba awakinta take gida biyu, kowane gida da lokacin barbararsa, don kada nono ya yanke mata a bazara. Sai dai fa dole a tanadi harawa a kan rumfa tun Nuwamba.

An kuma ce a daina tatsa wata biyu kafin haihuwa, ɗan akuya ya sha dakashi a sa'o'in farko, sannan a yi rigakafin PPR, wato cutar annobar awaki da tumaki. Idan barbara ba ta kama ba, akuya kan sake neman bunsuru bayan kwana 21.