Neman kalma: me za mu kira fotokemistiri da Hausa?

1/
'Yan'uwa masu fassara da malaman kimiyya, ga wata kalma da ta ƙi zama wuri ɗaya. Akwai reshen kemistiri da Turawa ke kira fotokemistiri, wato nazarin abin da ke faruwa idan haske ya sauka a kan wani sinadari, sinadarin ya sha hasken, ya zama wani abu dabam. Labaransa sai ƙaruwa suke yi a fannin magani da makamashi da ƙere-ƙere, kuma kowane mai fassara da irin sunan da yake raɗa masa. Ina da tawa kalmar, amma bari mu fara sallamar waɗanda ba su dace ba.

2/
Aro kai tsaye. Ba ni da gaba da aro, ai intanet da kwamfuta sun zauna lafiya a bakinmu. Matsalar a nan ita ce "foto". A asalin Girkanci haske take nufi, amma mu tuni muka ari kalmar muka mayar da ita "hoto". Wanda ya ji fotokemistiri zai zaci ruwan wanke hoto ake nufi. Bai ma yi nisa da gaskiya ba, tunda fim ɗin tsohuwar kyamara da gishirin azurfa yake aiki, haske na taɓa shi ya yi baƙi. Sai dai wannan ɗan ɓangare ne kawai na fannin.

3/
"Kimiyyar haske." Wannan ita ce ta fi yaudara, domin haka Larabawa suke faɗa, kuma a bakinsu daidai ne: kimiyya a Larabci kemistiri ce tsantsa. Mu kuwa da muka karɓi kalmar sai muka faɗaɗa ta, ta haɗiye ilimin taurari da na tsirrai da na lantarki duka. Don haka kimiyyar haske a Hausa ta fi dacewa da nazarin madubi da tabarau da bakan gizo, yadda haske ke tafiya da yadda yake lanƙwasa. Wannan aikin masu fizik ne. A bar musu sunansu.

"Sinadaran haske" kuma ba sai na daɗe a kanta ba. Wani zai ji abubuwan da aka haɗa haske da su, wani zai ji man shafawa na ƙara hasken fata.

4/
Kafin suna, a duba abin da ake son raɗa wa suna. A 1817 Theodor Grotthuss ya kafa ƙa'idar farko ta wannan fanni, John Draper ya sake gano ta wajen shekara 25 bayan haka: hasken da sinadari ya sha ne kaɗai ke iya yi masa aiki. Wanda ya ratsa ya wuce, ko ya daki abu ya dawo, bai yi komai ba. Daga baya masana fizik Johannes Stark da Albert Einstein suka ƙara da cewa shan nan ɗai-ɗai ake yinsa, ƙwayar haske ɗaya ga ƙwayar sinadari ɗaya.

Ƙwayar sinadarin da ta sha haske tana da hanyoyi uku a gabanta. Ko ta zubar da ƙarfin a matsayin zafi, kamar yadda baƙin tufafi ke yi a rana. Ko ta mayar da shi haske, ta yi ƙyalli. Ko kuma ta tsinke, ta murɗe, ta kama wata ƙwayar, ta daina zama abin da take. Hanya ta ukun nan ce fannin namu, kuma sunan da bai nuna ta ba bai kama komai ba.

Saboda haka fi'ili nake nema. "Sauyi" da "canji" sun yi faɗi: ruwa ya daskare ya sauya, amma yana nan ruwa. Kalmar da ke cewa abu ya bar kamanninsa ya zama wani ita ce rikiɗa. Abin da na kawo ke nan: kimiyyar rikiɗa da haske. Cikakken sunan, don littafin makaranta, kimiyyar rikiɗar sinadarai ta hanyar haske. Aikin guda ɗaya kuma, rikiɗa da haske.

Sinadarin da ke shan hasken shi ma yana son suna, kuma Hausa na da tsohon ginin da ya dace: sha-raɓa, sha-kallo. Sai mu ce sha-haske. Ƙa'idar Grotthuss tana cikin sunan, ba sai an yi bayani ba.

5/
Gwajin farko, idon da kuke karanta wannan da shi. A cikinsa akwai wani sha-haske mai suna retinal, ɗan gidan bitamin A. A duhu a tanƙware yake. Ƙwayar haske na taɓa shi sai ya miƙe, kuma miƙewar nan ce farkon saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Tana ɗaukar kimanin femtosakan 200, femtosakan ɗaya kuwa shi ne sakan guda a raba shi gida miliyan sau biliyan. Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya samu kyautar Nobel a 1999 saboda hanyar kallon abubuwa masu irin wannan sauri. Lura: babu atam ɗin da ya ƙaru ko ya ragu a jikin retinal, siffa ce kawai ta juya. "Haɗa sinadarai" ba za ta ɗauki wannan ba, rikiɗa ta ɗauka.

6/
Asibiti. Jaririn da ke da shawara ana kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido. Bilirubin, sinadarin da ke sa fatarsa rawaya, ba ya narkewa a ruwa, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa shi ba. Shuɗin haske yana rikiɗa shi zuwa siffar da jiki zai iya fitarwa ta fitsari da bayan gida. A Ingila aka fara bayyana wannan a 1958, bayan wata ma'aikaciyar jinya ta lura cewa jariran da ake fitarwa rana launinsu na washewa.

Ciwon daji kuma labarinsa ya fi sarƙaƙiya. A 1900 wani ɗalibi a Munich, Oscar Raab, ya ga rinin akridin yana kashe ƙananan halittun ruwa idan da haske, a duhu kuwa ba ya yi musu komai. Daga nan aka taso har Kanada ta amince da maganin Photofrin a 1993. Ana yi wa majinyaci allurar sha-hasken, a jira ya taru a ƙarin, sannan a haska jan haske mai tsawon zango nanomita 630 (tsawon zango shi ne ma'aunin launin haske, nanomita ɗaya kuwa mita guda ce a raba ta gida biliyan). Maganin ya sha hasken, ya miƙa ƙarfin ga iskar oksijin da ke wurin, oksijin ɗin ta zama mai cizo, ta lalata ƙwayoyin ƙarin da ke kusa. Sai ukun sun haɗu, magani da haske da oksijin, aiki ke yiwuwa. Nan ma matsalolin suke. Jan haske ba ya shiga nama da nisa, tsakiyar babban ƙari kuma sau da yawa ba ta da isasshiyar oksijin, ga shi majinyaci sai ya yi wata guda ko fiye yana gudun rana. Binciken yanzu ya karkata ne ga sha-hasken da ke amsa hasken da ya fi jan haske nisan shiga, da kuma ɗaure shi a jikin wani furotin na garkuwar jiki da zai kai shi kan ƙwayar dajin ita kaɗai. Japan ta amince da irin wannan a 2020 don dajin kai da wuya.

Har maganin zazzaɓin cizon sauro na da hannu a ciki. A 2013 kamfanin Sanofi ya fara haɗa artemisinin a Garessio ta Italiya, inda aka riƙa ɗaukar sinadarin da aka samo daga yis a ƙarasa shi da fitila da irin wannan oksijin mai cizo.

7/
Wani dattijon malamin kemistiri ya amsa: "Ɗana, rikiɗa ai ta tatsuniya ce. Mutum ya rikiɗa ya zama kura. Za ka sa yara su ɗauki darasina tsafi."

Ranka ya daɗe, Malam, na ji, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma kalmar ta daɗe da fita daga tatsuniya. Kullum ana cewa zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma, babu wanda ke tunanin kura. Ita kanta kimiyya, a hannun mutanen da, sunan sana'ar masu neman mayar da dalma zinariya ce, yau ga ta a allon kowace makaranta. Inda nake jin tsoro dabam ne: "da" ɗin tsakiya. Ana iya karanta shi kamar abu biyu ake lissafawa, rikiɗa da kuma haske. A magana murya na raba gardama. A rubutu, inda ake gudun ruɗani, a sa "ta hanyar haske".

8/
Makamashi ne ya fi gwada kalmar, domin a nan ake so ta san abin da za ta bari a waje. Farantin sola na silikon ba ya rikiɗa. Haske na tura ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, lantarki ya gudana, silikon yana nan silikon shekara da shekaru. Wannan fizik ne, kuma sunan namu ya ƙi shi da kansa, abin da "kimiyyar haske" ba za ta iya ba.

Abin da ke ciki shi ne ajiye rana a jikin sinadari, kamar yadda ganye ke yi. Giacomo Ciamician, wanda ke jera kwalaben gwaji a rufin jami'ar Bologna, ya yi wannan kira tun 1912 a wata lacca a New York, lokacin da duniya ke tinƙaho da gawayin kwal. A 1972 Fujishima da Honda a Japan suka nuna cewa titaniyam dayoksaid zai iya raba ruwa da haske, a samu haidirojin da oksijin. Illarsa, hasken UV, wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, kawai yake sha, wanda bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Sama da shekara 50 ke nan ana neman magajinsa. A 2021 rukunin Kazunari Domen ya ba da rahoton faranti masu faɗin murabba'in mita 100 da suka yi watanni suna fitar da haidirojin a fili, amma abin da suka kama na ƙarfin rana bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk mai fassara labarin "man fetur daga ruwa da rana" ya riƙe wannan adadi kusa.

A kan iyaka akwai sola mai rini ta O'Regan da Grätzel ta 1991: rinin ya sha haske, ya ba da ilektiron, ya karɓi wani ya koma yadda yake. Rikiɗa ce ta je-ka-dawo, ni dai na shigar da ita. Su kuwa farantan sola na sinadarin ferobsikayit, waɗanda abin da suke kamawa na ƙarfin rana ya tashi daga kashi 3.8 cikin 100 a 2009 zuwa sama da 25, babban ciwonsu rikiɗar da ba a so ce: danshi da zafi da hasken kansa suna cinye su.

9/
Wannan je-ka-dawo ya kawo mu ga kalma ta uku. Tun wajen 2008, da ayyukan MacMillan da Nicewicz da na Tehshik Yoon a Amurka, masu haɗa magunguna suka rungumi sinadaran rutiniyam da iridiyam. Ɗan kaɗan ake sakawa a kwalba, a kunna shuɗiyar fitilar LED, sinadarin ya karɓi ilektiron daga wannan ya miƙa wa wancan, ciniki ya faɗa, shi kuma ya fito bai ragu ba, ya koma neman wani. Aikin dillali ke nan. Ina ba da shawarar dillalin haske. Ƙarafan biyu na da tsada da wuyar samu, shi ya sa ake ta gwada rini da tagulla da baƙin ƙarfe a madadinsu.

10/
Ƙere-ƙere, a gurguje. Likitan haƙori ya cika rami da farin ƙulli, ya haska shuɗiyar fitila na 'yan sakanni, ƙullin ya sandare. Ƙananan ƙwayoyi ne suka kama juna suka zama sarƙa, haske ne ya tayar da su. Injin ɗab'i na 3D mai amfani da ruwan roba, wanda Chuck Hull ya samu rajistarsa a 1986, haka yake yi, shafi bisa shafi. "Sandarewa da haske" ta wadatar, kuma reshe ce ta rikiɗa. Tabarau mai duhu a rana ya washe a inuwa, rikiɗa ce mai komawa.

11/
Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce: "Yaya, a wurin aiki ba mai lokacin doguwar kalma. Na jarirai da na daji duk 'a sa shi a fitila' za a ce."

Gaskiyarki, 'yar'uwa, bakin ɗakin jinya ba ya jiran ƙamus. Amma a takardar da za a ba majinyaci ko iyayensa a raba su, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Na jarirai jinya da haske, ba a saka komai a jiki, bilirubin ɗin ne da kansa ke shan hasken. Na daji jinya da sha-haske, an saka magani, kuma wanda aka yi wa ita ya fita rana ba kariya zai ƙone. Bambancin gaɓa ɗaya ne a rubutu, kuma gaɓar ce ke ɗauke da gargaɗin.

12/
Saura ɗaya da ban gamsu da ita ba. A masana'antar ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta ana shafa wa faifan silikon wani siririn shafi, a haska masa zane, inda haske ya taɓa ya rikiɗa ya wanku, inda bai taɓa ba ya tsaya ya kare abin da ke ƙasa. Injinan kamfanin ASML na Holan suna yin wannan da haske mai tsawon zango nanomita 13.5. Shafin nan sha-haske ne, amma aikinsa kariya ce, kuma akwai irinsa da ke yin akasi, inda haske ya taɓa ne ke tsayawa. Na gwada "shafin zane da haske", ta yi mini nauyi a baki. Malam, ko akwai wadda ta fi ta a wurinku?