Mai rage ƙiba da kayan kwalam: abin da aka tattauna

Masu zagayen safe a Murtala Square da ke Kaduna sun sha muhawara kan ko mai son rage ƙiba zai iya taɓa ɗan kayan kwalam kullum. Yawanci sun ce zai iya, muddin abin da ya ci a yini bai kai abin da jikinsa ke ƙonawa ba. Wata Hajiya ta ce mai haramta wa kansa komai shi ne ranar biki yake share farantin cincin shi kaɗai, kuma ina ganin gaskiyarta.

An fi daɗewa kan abin sha. Kwalbar Coca-Cola mai 35cl tana da sukari kusan giram 37, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini, 25 ma ya fi. Zoɓo da kunun ayan bakin titi ba su tsira ba, don mai haɗawa da ludayi take zuba sukari, ba da cokali ba. Ga shi ka sha ka ƙare, yunwa na nan.

Soyayye kuwa, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), shi ya sa fanke da dublan suke ruɗi. An fi son dabino biyu bayan abinci, ko gyaɗa cikin tafin hannu. A zuba a ƙaramin kwano, kada a ci daga leda.

Mai ciwon sukari, aka ce, ya fara tuntuɓar likitansa.