Wa ya kamata ya tsara abin da ake koya wa 'ya'yanmu: Abuja, jiha ko iyaye?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da masana. Wajen shekarar 2009 aka cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa, sai a zamanin ministan ilimi Adamu Adamu aka dawo da shi. Yaran da suka yi karatu a wannan tsakani sun girma ba su san juyin mulkin 1966 ko yaƙin basasa ba, sai abin da suka tsinta a Facebook. Shin siyasa ce ke sa a cire darasi ko a mayar da shi? Kuma wa ya fi cancanta ya riƙe ragamar manhaja?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malam. A takarda, Tsarin Mulkin 1999 ya raba ikon ilimi tsakanin tarayya da jihohi. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke rubuta manhaja, sannan Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin ilimi na jihohi, ta amince da ita. Amma a cikin aji, mai ikon gaskiya ita ce jarabawa, domin abin da WAEC da NECO ke tambaya shi malami ke koyarwa, shi kuma iyaye ke sayen littafinsa.

Son zuciyar siyasa da na gani a shekarun da na yi ina riƙe da alli ba kasafai yake zuwa da ƙarya ƙarara ba. Yawanci shiru ake yi. Za ka buɗe littafi ka tarar an jera sunayen shugabanni da shekarun mulkinsu, an ce yaƙi ya fara a 1967 ya ƙare a 1970, amma babu bayanin abin da ya haddasa shi, babu kashe-kashen da suka gabace shi, babu yunwar da ta hallaka yara a Gabas. Idan ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya, sai malami ya ce wannan ba zai fito a jarabawa ba, ya wuce. Ba na zargin malamin, domin tsoro yake ji kada a ce ya tada husuma.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri, Baba. Ni dai a ganina iyaye ne aka fi mayarwa saniyar ware. Da aka tattara darussan addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da darasin kishin ƙasa, sai da ƙungiyar Kiristoci ta CAN da wasu ƙungiyoyin Musulmi suka yi ta ƙorafi kafin aka sake raba su a 2017. Da an tuntuɓi iyaye tun farko, da ba a kai ga wannan ce-ce-ku-ce ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulki ma ya hana a tilasta wa yaro koyon addinin da ba nasa ba, wanda ke nuna cewa doka ta san iyaye suna da haƙƙi. Bai dace a ce sai an buga littafi an raba, sannan uwa ta gano abin da ke ciki a jakar ɗanta ba.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, na yarda da ke a kan tuntuɓa, amma ina tsoron a sakar wa jihohi ko ƙungiyoyi manhaja gaba ɗaya. Bayan yaƙin basasa gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan, daga baya wasu jihohi suka mayar da su, kamar yadda Peter Obi ya yi a Anambra a 2011. Wannan batun gudanarwa ne, kuma ba ni da ja a kansa. Abin da ake koyarwa kuwa daban ne, domin idan kowace jiha ta rubuta nata tarihin na 1966, yaron Kano da yaron Enugu za su haɗu a bautar ƙasa kowa da labarin da ya ƙaryata na ɗan'uwansa, kuma kowane sabon gwamna zai so a saka ayyukansa a littafi.

Na fi son a bar ginshiƙin manhaja a hannun tarayya, amma masana irin na Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, waɗanda suka daɗe suna fafutukar dawo da darasin, su rubuta shi, a kuma wallafa daftarin kowa ya gani kafin a amince. Jihohi sai su ƙara nasu: jihadin Shehu Usmanu na 1804 a Sakkwato, daular Kanem-Borno a Maiduguri.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, saura tambaya ɗaya: tunda an yi shekaru ba a koyar da Tarihi a ƙananan azuzuwa, ina za a samo malaman da za su iya tsayawa gaban yara su yi bayanin 1966 ba tare da sun karkata ga ɓangarensu ba?