Shawara kan sayen asitet ɗin Warhol

Ƙanin Zaure: Assalamu alaikum manya. Na ga an sa asitet na hotunan mai zanen Amurka Andy Warhol a gwanjon intanet, daga jerin Ladies and Gentlemen na 1975, kuɗinsa bai kai ko kusa da na bugaggen zanensa ba. Raina ya biya. In saya?

Baba Mai Sikirin: Wa alaikumus salam. Yaro, fara sanin abin da za ka saya. Asitet fim ne mai haske kamar leda, hoton na kansa da baƙi. Mu masu buga riguna da shi muke aiki kullum: a shafa wa sikirin, wato ragar da ake bugu da ita, magani, a ɗora fim ɗin, a haska. Inda haske ya taɓa maganin ya daskare, inda baƙi ya tare ruwa ya wanke shi, ta nan tawada ke bi. Warhol ya fara wannan bugu da hoto a 1962, shekarar da ya yi hoton 'yar fim Marilyn Monroe. A shekarun 1970 kuwa da kyamarar Polaroid yake ɗaukar mutum, a faɗaɗa hoton a kan asitet, ya bi layin fuskar ya fitar a kan ƙyalle, ya shafa launi, sannan a buga baƙin a sama. Kayan aiki ne, ba don rataya a bango aka yi shi ba.

Anti Mai Zane: Baba, ni abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan. A kan asitet ake yanke shawarar yawan duhu da abin da za a share daga fuska. Duk mai son ganin yadda aikin ya faro, nan zai duba.

Malam na Laburare: Haka ne Anti, sai dai a yi hattara da asali. A 1965 Warhol ya ba mawallafi Richard Ekstract asitet na hoton fuskar shi Warhol ɗin, wata maɗaba'a ta buga jajayen hotuna da shi. Daga baya hukumar tantance ayyukansa ta ƙi amincewa da su. Joe Simon, mai ɗaya daga ciki, ya kai ƙara a 2007, ya janye a 2010, hukumar kuma ta rufe a 2012. Yanzu ba ka da ita da za ka kai wa. Ƙanina, nemi takarda: daga wace maɗaba'a ya fito, hannun wa da wa ya bi. In amsar dillali ita ce "daga Factory" (ɗakin aikin Warhol) kawai, bar masa kayansa. Kuma mallakar fim ɗin ba ta ba ka izinin bugawa ka sayar ba, haƙƙin na gidauniyar Warhol ne.

Ƙanin Zaure: To ajiya fa, Malam?

Malam na Laburare: Nan ne damuwata. Zafi da laima na cinye asitet, ya fara warin tsami, ya motse, ya lanƙwashe, kuma ba ya dawowa. Tambayi dillali ko yana wari, ko kuma robar poliyesta ce, wadda ta fi juriya. Akwai 'yan takardun gwaji, A-D Strips, da ke canza launi in ya fara lalacewa.

Baba Mai Sikirin: In ya iso, a shimfiɗe za ka ajiye shi a ɗaki mai sanyi, nesa da taga. Kada ka naɗe shi, kuma ta gefe ake riƙewa.

Ƙanin Zaure: Na gode ƙwarai. Bari in tura wa dillalin tambayoyin nan yau, kafin a rufe gwanjon.