Idan halittu masu hankali kala-kala suka zauna gari ɗaya, ya zaman zai kasance?

Mai_kallon_sama:
Salam 'yan uwa. Tun da na karanta cewa a 2022 duniyoyin da aka tabbatar a wajen tsarin ranarmu sun haura 5,000 abin nan ya hana ni sakat. Ba maganar yaƙi nake ba. A ce akwai halittu masu hankali kala goma ko ashirin a gari ɗaya, ya za a yi da maƙwabtaka, aiki, gaisuwa, har barci?

Ɗan_falaki:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina ga tun daga numfashi za a fara samun matsala, don oksijin ɗin da ke raya mu guba ce ga wasu bakteriya a nan duniyar tamu ma, to ina ga wanda ya fito daga wuri irin Titan, wani wata da ke zagaya duniyar Saturn, inda tafkunan methane (iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa) suke kuma sanyi ya kai wajen digiri 179 ƙasa da sifili, ai ɗakin da kai za ka miƙe ƙafa shi tanderu ne a wurinsa. Dole a raba unguwanni, ziyara kuma sai ta bayan gilashi.

Zara_matar_wata:
Ɗan uwa iska ai injin zai iya gyarawa. Ni lokaci ne ya fi damuna wallahi. Akwai wata duniya TRAPPIST-1e, shekararta kwana 6 ne kacal a lissafinmu, Venus kuma kafin ta juya sau ɗaya a kanta shekararta ta riga ta ƙare. To da kalandar wa za a sa ranar biki ko biyan albashi? Kuma ka yi tunanin aminiyarka irin masu shekara dubu ce, ke kuwa 70 ko 80, tana ji tana gani za ta rabu da ke ta rabu da jikokinki, anya za ta ma yarda ta shaƙu da mu?

Mai_kallon_sama:
Kai 'yar uwa, wannan ta taɓa min zuciya. Gaisuwar fa?

Ɗan_falaki:
Nan ne za a yi ta saɓani ba da niyya ba. Giwaye na kiran juna da sautin da kunnenmu ba ya kamawa, ƙudan zuma da rawa yake kwatanta inda furanni suke. Wataƙila maƙwabcinka kullum da safe yana gaishe ka da ƙamshi ko canza launin fata, kai kana wucewa ba ka amsa ba, shekara da shekaru yana jin ciwon abin a ransa.